Dalilin da Ya Sa Tonia Ta Zauna a Kan Hannuwanta

Yaya Pasqua, ki ajiye duk abin da ke hannunki ki zauna, don yau na zo miki da labari! Maganar Tonia ce, matar Sabinonmu. Bari in ɗauko miki daga farko.

Kin san ƙus-ƙus ɗin da ake yi a layinmu tun da Sabino ya koma kan babbar motarsa zuwa Jamus. Wai kullum da rana sai an ga Tonia ta shige gidan abincin Iya Nardina na bakin teku. Wa ke kai abinci tebur a can? Corrado ɗan Iya, wanda ya so Tonia kamar ya mutu kafin Sabino ya kasa shi. Mama har ta rame. Jiya ta ce min, "Cosima, ƙawarki ce, ke kika kawo mana ita gidan nan. Je ki gani da idonki. In gaskiya ne, ranar Lahadi zan kira ɗana in gaya masa." Kin san halin ɗan'uwanmu kuma. In ya ji, aure ya mutu, ba zai tsaya tambaya ba.

Yau na saɓa ɗana Vito a kafaɗa na buga wa Tonia ƙofa, na ce ƙawata zo mu je mu ci taliyar Iya, na gaji da girki. Sai ta yi wani tsuru-tsuru, ta ce, "Can ɗin?" Na ce a raina, to fa.

Muna shiga Corrado ya taho da gudu har yana ture kujera. Bai ko dubi Vito ba, yaron da kowa ke tsayawa ya ja masa kumatu. Ya ja wa Tonia kujera nesa da ƙofar kicin, ya kawo mata matashi. Ni kuwa ko oho.

Na ce, "Corrado, ni bayana katako ne?"

Ya ce, "Ke ai Allah ya ba ki naki matashin, Cosima."

Ɗan banza. Na haɗiye.

Na ce a kawo mana ɗanyen jatan lande da lemon tsami. Kin san Tonia da shi, takan cinye nata ta hau naka. Ta ce ba ta so. Kofi fa? Ba ta so. 'Yar garinmu Molfetta ta ƙi ɗanyen jatan lande! Na ce lallai wannan zuciyarta ba ta wurin. Shi kuma Corrado yana can jikin kanta, ya duba waya, ya dube ta, ya duba waya, ya dube ta. Aka kawo taliya da tumatir da cuku, ni ko ɗanɗanonta ban ji ba, ido kawai nake rabawa.

Na ce, "Tonia, Sabino yana kira kuwa?"

Ta ce, "Yana kira."

"Ya san kina zuwa nan?"

Ta sunkuyar da kai, ta ce in ci abincina zai huce. Kuma duk ta cusa hannuwanta ƙarƙashin cinyoyinta, sai za ta ɗauki cokali ta zaro ɗaya ta mayar. Na ce a raina, ko zobe Corrado ya ba ta take ɓoyewa? Yaya, har na fara tsara yadda zan gaya wa Mama, hawaye na cika min ido, don ina son Tonia, kin sani.

Ana haka aka wuce da soyayyen tattasai zuwa teburin wani tsoho mai kamun kifi. Ƙamshi ya bugo mu. Na ga Tonia ta bi farantin da ido, ta haɗiyi yawu. Corrado ya leƙa kicin ya ƙwala, "Inna! Ta kalli tattasai!"

Sai ga Iya Nardina ta fito da ludayi a hannu, ta sure farantin daga gaban tsohon, cokalinsa na sama.

Ya ce, "Haba Nardina, nawa ne fa!"

Ta ce, "Kai me za ka haifa, tsohon banza? Jira a soya wani."

Ta dire shi gaban Tonia. Daidai nan hancin Tonia ya kama ƙaiƙayi, ta zaro hannu za ta sosa, Iya ta daka mata tsawa: "Kul! Ba ki ci ba tukuna! In dole sai kin taɓa jiki, taɓa mazaunai, can babu mai gani!"

Yaya, sai na dubi wuyan Vito. Jan tabon nan nasa, na lokacin da ina da cikinsa na yi kwaɗayin kankana da sanyi ban samu ba na sosa wuya. Ni da nake ɗauke da shaida a kafaɗata, ni ce ban gane ba! Na saki ihu har Vito ya firgita.

Na ce, "Tonia! Don Allah da gaske?"

Ta fashe da kuka tana dariya, bakinta cike da tattasai. Ta ce, "Ya wuce wata uku. Sau biyu ina murna da wuri yana zubewa, kin sani. Wannan karon muka ce ba mai ji sai ya zauna, saboda bakin mutane." Ta ce in ta kunna murhu a gida amai take, abincin Iya kaɗai ke zama mata. Iya kuwa ba wanda ya gaya mata, tafiyar Tonia kawai ta gani ta gane.

Na ce, "To shi wancan mai kallon waya fa?"

Kafin ta amsa wayar ta yi ƙara. Corrado ya miƙo min yana yatsina fuska, ya ce, "Karɓi, ɗan'uwanki ne. Ya hana ni sakat, kullum ta ci? me ta ci? Gaya masa ni ba ungozoma ba ne." Na kara a kunne, sai ga muryar Sabino da ƙugin mota: "Corrado, ta ci?" Na ce ta ci, har da na tsohon mutane. Ya ce, "Cosima? Shi ke nan, duk gari ya ji."

Kuma ni zan riƙe jaririn ranar baftisma, Tonia ta faɗa a gaban Iya! Mama na can yanzu tana kuka tana soya tattasai tukunya guda, wai ita dama ba ta taɓa yarda da maganar mutane ba.

Tonia ta ce dangi kaɗai za a gaya wa. To ki kira Goggo Rosaria yanzu-yanzu, ki gaya wa Yaya Mimmo da matarsa, sannan ki tabbata maganar ta kai kunnen mai gyaran gashin nan da ta fara ƙus-ƙus ɗin. Ai ita ma 'yar ƙanwar kakarmu ce.