Laftof ɗin Abba

Ranar Asabar da hantsi laftof ɗin Abba ta ƙi tashi. Tana cikin yin afdet, wato sabunta manhajarta, aka ɗauke wuta, batirinta kuwa ya daɗe da mutuwa. Da aka dawo da wutar, sai ta nuna tambarin kamfani, ɗigo-ɗigon nan su yi ta zagaye, ta mutu, ta sake kunna kanta. Jawabin da zai kai wa ogansa a ma'aikata ranar Litinin yana ciki.

Ina bakin ƙofar falo da littafi a hannu, ina jira ya ce "ke, zo." Haka yake kirana. Ni ce 'yar fari, saboda haka bakinsa bai taɓa furta sunana Muhibba ba, ko sau ɗaya. Amma duk abin da ya shafi waya ko kwamfuta a gidan, ni ake nema.

Sai na ji ya ɗaga murya: "Kauthar! Ina injiniyarmu?"

Kauthar 'yar wansa ce daga Mararraba. Ta dawo gidanmu na Gwagwalada da zama saboda horon da take yi a cibiyar binciken kimiyya ta Sheda. Tun zuwanta ake saka mata cinyar kaza. Sunanta kuwa, Abba har wani ja yake yi masa.

Ta fito tana gyara ɗankwali. "Baffa, ni fa tsirrai nake karanta."

"Kimiyya ai kimiyya ce, 'yata. Zauna."

Ta zauna a kujerar da nake zama. Ta cire caja ta mayar. Ta danna wannan ta danna wancan, har da hura iska a gefe. Laftof ta mutu, ta tashi, ta mutu. Na san abin da ya kamata a yi, na karanta shi tuntuni, amma na ja bakina na yi shiru. Wani daɗi mara kyau yana ratsa ni duk lokacin da allon ya yi baƙi.

Da aka kira azahar Abba ya tafi masallaci. Kauthar ta juyo, goshinta duk gumi.

"Malama sarkin karatu, za ki taimaka ko sai na yi kuka?"

"Ai ke ce injiniya."

"Don Allah bari. Kishi da ni? Ni da ban san inda ake kashe abin nan ba?"

Kunya ta kama ni. Na matsa kusa da laftof ɗin. Da tambarin ya fito na danne maɓallin kunnawa har ta mutu. Na kunna, na sake kashe ta a daidai wurin, na kuma maimaita, har shuɗin allon gyara ya bayyana. Na nemo inda ake cire afdet na ƙarshe, wanda ya tsaya rabi, na cire shi. Muka zuba ido. Ɗigon suka yi ta zagaye, zuciyata na bin su. Sai ga hoton Ka'aba da Abba ya sa a fuskar allon.

Daidai nan Abba ya yi sallama.

"Masha Allah! Ban faɗa ba? Kauthar, Allah ya yi miki albarka."

"Baffa, wallahi Muhibba ce. Ni iska kawai na hura."

Bai kalle ni ba. Ya buɗe jawabinsa, ya duba har ƙasa, ya yi gyaran murya.

"To, ai zama da ke ne ya sa ta fara wayo."

Kauthar ta fashe da dariya. Ni kuwa idona ya cika, na sunkuya kamar ina neman shafin da na tsaya. Na san kara ce yake yi wa wansa, mahaifin Kauthar, Umma ta sha faɗa mini. Sanin bai taɓa rage mini komai ba.

Har na juya zan fita ya ce, yana kallon allo, "Ke. Laftof ɗin Enoch na ofishinmu ma haka take yi tun jiya. Litinin ki shirya da wuri, ki bi ni."

Na tsaya cak. Bai taɓa zuwa da kowa ofis ba.

"To, Abba."

"Kauthar ma ta zo ta ga gari. Ita za ta zauna a gaba a mota."