Naman Kwana Biyar

"Ba nan ba," Festus ya ce, ya karɓe ledar daga hannun 'yarsa. "Wannan na ranar farko ne. In kika sa shi a ƙasa, sai kin tone firij ɗin kaf kafin ki kai gare shi."

Tuyeni ta ja baya ta bar masa wuri. Suna tsaye a bayan tsohuwar motarsa, a tsakar gidansu na Outjo. Firij ɗin na ta ɗan gunjinsa, ga ledojin nama jere a kan tebur, kowace da lambar da ya rubuta mata da hannunsa. Ya ɗauki mai lamba biyar, wadda ta daskare kamar bulo, ya kwantar da ita a can ƙasa, ya ɗora ta huɗu a kai. Hannun da ke rawa in ya ɗauki kofin shayi, yau bai yi rawa ba.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana wa masu kai Turawa yawon daji kuku. Da ya aje aiki, mai kamfanin ya bar masa motar da firij ɗin. Yana aiki yana yi mata bayani, kamar ba ta taɓa ji ba: a matse iska daga leda, a baje naman ya yi faɗi, kwalabe a tsaye ta gefe, ƙwai da tumatir da man shanu a kwandon sama inda sanyi ba ya cizo. Duk ramin da ya rage a cusa gorar ruwa, domin firij da babu kowa a cikinsa ya fi cin batir. Kuma ba a buɗe murfi a tsaya ana tunani.

"Tun kafin ki ɗaga ki san abin da kike so, Tuyeni."

Ta sunkuyar da kai. Wata huɗu ke nan bai kira sunanta ba, "ke" kawai yake ce mata.

Babu wani daji da za su. Mako uku da suka wuce wani direban tirela ya tsince shi a hanyar Kamanjab, kilomita goma sha huɗu daga gida, da tsakar rana, ba hula, da tukunya a hannu, wai baƙi na jiran abinci. Kafin wannan ya bar gas a kunne sau biyu. Bara Tuyeni ta ɗauke shi zuwa Windhoek, inda take aikin jinya, ya zauna da ita da mijinta da 'ya'yansu biyu a ɗaki biyu. Kwana tara ya yi ya sulale ta ƙofa tana asibiti, sai a tashar mota aka gano shi. Yayanta Lukas yana jirgin kamun kifi, sai ya yi wata uku bai taka ƙasa ba. Da aka samu gurbin gado a wani gidan tsofaffi a Windhoek, aka ce ta kawo shi yau kafin yamma, ko a ba na bayansa.

Sau biyu tana faɗa masa gaskiya. Na farko ya zauna a bakin gado yana hawaye. Na biyu ya kulle kansa a ɗaki har dare. Duka biyun, gari na wayewa ya manta, ya fito yana tambaya ko an ba kaji ruwa. Matar da ke kula da gidan tsofaffin ta ce mata a waya ta daina sa shi kuka a banza, ta faɗa masa duk abin da zai sa ya shiga mota. Shi ne jiya da rana ta ce masa ta samu hutu, tana so ya kai ta dajin Palmwag su yi kwana biyar, kamar yadda ya sha yi mata alkawari tana yarinya. Ta zata zai manta da wannan ma. Bai manta ba. Ya tashi ya jona firij tun da yamma don ya yi sanyi, ya aike ta wurin mahauci da jerin abubuwa, ya kuma mayar da ita don an ba ta haƙarƙari mai kitse da yawa. Akwatinsa na tufafi da magungunansa na ƙarƙashin tanti, inda ta ɓoye su da asuba.

Meme Rauna, maƙwabciyarsu da ke leƙa shi kullum tun rasuwar matarsa, ta shigo da gorar nono mai tsami a hannu. Ta san komai, ita ce ma za ta riƙe makullin gida da kajin. Ta tsaya tana kallon teburin, idanunta ja.

"Tsoho, duk wannan naman ku biyu? Ko zakuna ka gayyata?"

"Ke dai ki kula min da kaji," ya ce bai ɗago ba. "In na dawo na tarar sun rame, na san tukunyar da suka shiga."

Ta yi dariya, ta juya tana gyara ɗankwali. Ya karɓi nonon, ya taɓa gorar da bayan hannu, ya ce da ɗumi, zai lalata masa sanyin nama. Sai ya naɗe ta a jiƙaƙƙen tawul ya aje gefe, ya ce sai dare za ta shiga.

A bayan ɗakin girki Tuyeni ta kira Lukas, wayar ba ta shiga ba. Ta kira mijinta, ya ce mata abin da ya faɗa jiya: ba su da wata hanya. Ta tsaya riƙe da wayar tana lissafa ko za ta kai mahaifinta Palmwag ɗin da gaske, ko da kwana biyu ne. Amma gadon zai tafi, ranar Litinin tana da aiki, kuma a daji in ya fita daga tanti babu direban tirela da zai tsince shi.

Da ta dawo mahaifinta ya riga ya rufe murfin, ya ɗaure firij ɗin da igiya ta kusurwa huɗu. Ya sa tsohuwar rigarsa ta aiki, ya jera maɓallanta daidai. Bai yi gardamar tuƙi ba, ya ce dama can shi kuku ne, ba direba ba. Meme Rauna ta buɗe musu ƙyaure, ta riƙe hannunsa ta taga ta ƙi saki, har ya tambaye ta ko aure take nema.

Suka wuce gidan burodi da gidan mai. Yana ta ba ta labarin wata giwa da ta taɓa ɗauke masa buhun lemo a bakin busasshen kogi. A mararraba, hanyar Kamanjab, wadda ake bi zuwa Palmwag, ta yi dama. Tuyeni ta kunna sigina ta yi hagu, ta hau kwaltar da ke zuwa kudu, wajen Windhoek.

Labarin giwar ya tsaya. Ya waiga ya kalli hanyar da suka bari har ta ɓace, sannan ya gyara zama, ya ɗora hannayensa a gwiwa. Ta shirya amsoshi uku tun jiya: ana gyaran gada, za su sayi gas a gaba, za su ɗauki jikokinsa. Bai tambaya ba. Suka yi tafiya mai nisa, ba abin da ake ji sai injin mota da gunjin firij a baya.

"Baba," ta ce, ba ta san abin da za ta ɗora ba.

"Na ƙasa zai kai mako in ba ki kashe firij ɗin ba," ya ce, yana kallon titi. "Amma na ranar farko ban daskarar da shi ba, ba zai kai gobe ba. Ku gasa shi yau, ke da yaran. Kada ku jira ni."

Ta riƙe sitiyari da hannu biyu. Can gaba kaɗan ya juyo ya tambaye ta, cikin ladabi irin wanda ake yi wa baƙo, ko da sauran nisa kafin sansani.

"Da saura, Baba," ta ce.