Muryar Auta a Bakin Aku

Faɗin tafin hannu ake bari tsakanin baki da makirufo. Aku ya auna, ya ɗan karkatar da fuska don kada iskar bakinsa ta bugi ƙarfen, ya jira jar fitilar saman ƙofa ta kama. Ta bayan gilashi Injiniya ya ɗaga yatsa. Nan take wani tsoho mai wawulo ya fito daga maƙogwaron Aku yana yi wa jikarsa faɗa, alhali Aku bai kai hamsin ba, haƙoransa kuma ko ɗaya bai girgiza ba.

Sana'arsa ke nan, aron murya. A wasan kwaikwayon rediyo shi ne tsoho, shi ne ɓarawo, in ta kama shi ne zakaran da ke cara a bayan gida. Yakan gaya wa sababbin shiga cewa kowace murya tana da ɗakin da take kwana: wata a ƙirji, wata a hanci, wata can ƙasan maƙogwaro. In ka gano ɗakin, ka gano mutumin. Yana kuma da doka guda da ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: kada ka hau kan maganar abokin wasanka. Bari ya dire, ka bar ɗan shiru, sannan ka shiga, don mai tace sauti ya sami inda zai yanka.

Mahaifiyarsa ce ta laƙaba masa Aku tun yana yaro, kuma ba yabo ba ne. "Mutum da gemunsa," in ji Inna, "ya shige akwati yana kukan akuya, wai shi sana'a." Shi ke kai ta asibiti, shi ke ciccibarta zuwa mota tun da ƙafafunta suka ƙi, amma albarkar bakinta ta Auta ce, ƙaninsa da ya tafi aikin gini wata ƙasa mai nisa. Abin da Aku yake so bai taka kara ya karya ba: ta kira shi sau ɗaya da irin muryar da take kiran Auta. Ya girma, ya yi furfura a gefen kunne, bai daina jira ba.

Sai Auta ya faɗo daga saman gini, aka binne shi a can. Likita ya ce zuciyar Inna ba za ta ɗauki labarin ba, sai aka ɓoye mata. Bayan 'yan makonni Yaya, babbarsu da ke jinyar Inna, ta tare Aku a ƙofar ɗakin ɗaukar murya.

"Ta daina cin abinci," in ji ta. "Kullum waya na hannunta, tana tambaya ko Auta ya kira. Kai kaɗai za ka iya."

"Yaya, mamaci kike so in tayar?"

"Kana yi wa masu tallar sabulu. Uwarka ce ba za ka yi wa ba?"

Ya koma ciki ya sa abin ji a kunne, ya yi ta maimaita tsofaffin saƙonnin muryar ƙaninsa. Bai sha wahalar gano ɗakin ba: muryar Auta a bayan hanci take kwana. Dariyarsa takan riga maganarsa fita, yana haɗiye ƙarshen kalma, kuma ba ya cewa Inna, sai "Innata". Injiniya ya haɗa masa ƙarar iska da ta injin nesa, don layin ya yi kama da na wata ƙasa. Idanun Inna sun yi rauni, Yaya ce ke danna mata waya, saboda haka lamba ba za ta tona asiri ba.

"Innata!" ya ce a kiran farko, dariyar tana gaba.

Sai muryar da ya yi shekara da shekaru yana jira ta cika masa kunne, mai laushi, tana rawa. Ta tambayi lafiyarsa, ta tambayi sanyin garin, ta yi ta sa albarka har numfashinta ya sarƙe. Aku yana saurare, yana amsa amin a inda ya dace. Da ya ajiye wayar sai ya ji wani ɗaci ya taso masa. Abin da ya nema da bakinsa bai samu ba, ga shi ya samu da bakin mamaci.

Inna ta koma cin abinci. Kira ya zama na kowane mako. Wata rana kwaɗayi ya ja shi, ya sako abin da ba ya cikin wasan.

"Innata, Yaya Aku fa yana ƙoƙari da ke."

"Yana yi," ta ce. "Kai dai ba ni labarinka. Kana samun barci?"

Daga nan abin ya fara cin sa. Da yamma ya zo da kansa da ledar magani, ta ce ya ajiye a taga. Da safe ya kira da hancin Auta, ta ce Allah ya raba shi da wahala. Har a wurin aiki Auta ya riƙa leƙowa cikin tallar sabulu, Injiniya yana tsayar da ɗauka yana cewa, "Malam, sake. Wannan ba muryar da suka saya ba ce." Tura ta kai bango. Ya yanke shawarar gara ta ji gaskiya ta tsine masa da sunansa, da ta yi ta sa masa albarka da sunan wani.

Ya same ta da hantsi, kwance, fanka tana juyawa a hankali, kwalaben magani jere a taga. Rediyon ɗakin na nan a kan kabad, an lulluɓe shi da ƙyalle. Ya zauna a bakin gado. Sai da ya yi gyaran murya sau biyu kafin ya lalubo tasa ta gaskiya, don ta daɗe ba a yi aiki da ita ba.

"Inna, akwai maganar da nake so..."

"Auta ya rasu," ta ce, idonta na kan silin. "Ita ce maganar?"

Aku ya ɗago kai ya dube ta.

"Tun kiran farko na sani. Murya kam tasa ce, ban ji inda ka rage ba, har tsigar jikina ta tashi. Amma Auta tun da ya iya magana bai taɓa bari na kai ƙarshen zance ba. Kai kuwa sai ka jira in dire, har ka ɗan yi shiru. Na ce wannan ladabin ba nasa ba ne. Na yi kukana ranar, da yayarku ta fita kasuwa."

Ashe zuciyar da likita ya ce ba za ta ɗauka ba ta ɗauka, ita kaɗai, ba mai taya ta. Wani abu mai kama da murna ya motsa a ƙirjin Aku, har ya ji kunyar kansa.

"Ke nan duk albarkar nan, Inna... kin san ni ne?"

"Na san bakinka ne." Ta lalubi ƙarƙashin matashi, ta jawo wayar ta ɗora a ƙirji. "Ashe sana'ar taka da amfaninta. Tashi ka fita baranda ka kira ni. Amma ka gyara, ka riƙa katse ni."

Ya jira, kamar yadda ya saba, ko akwai sauran magana. Babu.

A baranda Yaya tana shanya, ta dube shi, ya kau da kai. Ya miƙa mata hannu alamar ta shiga ta danna wa Inna waya. Ya tsaya jikin bango, ya tura muryarsa bayan hanci, ya auna faɗin tafin hannu tsakanin baki da waya.

"Salamu alai..."

"Innata!" ya faɗa a kan maganarta, dariyar tana gaba.

Ta taga yana jin tana dariya, irin wadda bai taɓa ji ba yana zaune a gabanta.