Ranar da Aka Zo Gaisuwar Mutuwata

Da aka ce 'yan talabijin za su zo daga Abuja su ɗauke ni, wallahi kasa zama na yi. Ni Sailuba mai waina ta Kwamba, wai a talabijin. Tun bara likita ya ce kansar mama ta rabu da ni, gashina ya dawo, har ƙiba na yi.

Amma ba don a gan ni kawai na yarda ba. Ƙanwata Hajjo da ke aure a Lambata ta ji ƙullutu a mamanta, ta kuma rantse ba za ta taka asibiti ba. Wai duk wadda ta gani a labarai da wannan ciwo a kwance take, tana jiran ranarta. Rabonta da ni tun ina kan magani, duk na rame, kuma ta ƙi zuwa, wai zuciyarta ba za ta ɗauka ba. In na ce na warke, sai ta ce ƙarfin hali nake yi. Na ce to, bari talabijin ɗin da ya tsorata ki ya nuna miki ni.

Ranar na sha lalle, na saka leshi, na kafa ɗauri, na goga jambaki. Ɗan jaridar, wani Fakhruddeen mai sanyin murya, ya kalle ni kamar ya ɓata hanya. Ya roƙe ni in goge jambakin, in sa tsohon hijabi, in jingina da bango. Na yi masa, don baƙo ne. Na ba su labari ina dariya, na soya musu waina, na ɗaga bokitin ƙullu da hannu ɗaya don su gani. Sau ɗaya tak na yi hawaye, da na tuna marigayiya Innarmu.

To, hawayen nan su kaɗai suka saka. Suka cire wa hoton kala, suka bi shi da sarewa mai sa kuka, suka haɗa da tsohon hotona na gadon asibiti. Don haushi na kashe wayata.

Ashe a Lambata a shagon unguwa aka kalla, ƙarar janareta ta danne maganar. Hoto kawai suka gani, wata ta ɗauki salati, shi ke nan. Da suka kira suka ji waya a kashe, sai suka ce ta tabbata.

Washegari da safe ina gaban tanda, sai ga bas ta tsaya. Mata suka ɓarke da kuka tun daga bakin titi, Hajjo a gaba. Na miƙe da cokali a hannu na ce lafiya, wa ya rasu? Gwaggo Rabi'a da ke cikinsu ta juya da gudu, ta bar takalminta ƙafa ɗaya. Kai, ranar Kwamba ta ga abin kallo. Kuka ya koma guɗa, masu keke suka tsaya suna dariya, ni kuwa na taka musu rawa a tsakiyar layi, daɗi kamar ya kashe ni.

Hajjo ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta matsa damtsena, ta zame ɗaurina ta shafa kitsona, tana kallona. Sai ta ja ni gefe, ta kama hannuna ta cusa cikin hijabinta.

"Yaya, taɓa ki ji," ta ce a hankali. "Ya ƙara girma."

Na taɓa, na ji ƙullutun. Na juya wurin direban bas ɗin na ce, "Malam, kada ka kashe motar nan. Asibiti za mu."