Kafaɗar Aaron

Tun da Aaron ya rasu a 2003 Haggai bai sake taɓa jita ba, kuma kada wani ya ce maka jimami ne kaɗai. Kishi ne ke cin sa. Shekara da shekaru suna tare, Aaron a kan piyano, shi a kan jita, suna kiɗan buluz na Amurka da suka koya a faifan wani tsohon soja. Daga Zuru har Dirin Daji babu inda ba su kaɗa ba. Amma yau duk matashin da ya rungumi jita sai ya ce salon Aaron yake yi. Aaron da ko riƙe jita bai iya ba!

Wata Asabar da rana aka yi bikin aure a Manga, Magdalene 'yar Aaron ce a kan piyano. Mai gabatarwa ya hango Haggai, ya ce a tafa wa abokin marigayi Aaron. Ko sunansa bai kama ba. Ran Haggai ya ɓaci, ya miƙe ya karɓi jita a hannun makaɗin bikin.

"Ɗiyata, ɗauke hannunki," ya ce wa Magdalene. "Yau ni kaɗai zan kaɗa, su san mai abin."

"To, Baba," ta ce, ta ɗora hannuwa a cinya.

Ya fara da kyau, har tsofaffi suka soma gyaɗa kai. Sai dai ya manta abu guda: shi bai taɓa ƙirga kiɗa ba. Kafaɗar Aaron ta hagu yake kallo, in ta sauka ya sauya. Da aka zo wurin sauyin sai ya yi ta maimaita abu ɗaya, gumi na keto masa. Ba da son ransa ba ya waiga.

Magdalene ba ta taɓa piyano ba. Kafaɗarta ta hagu kawai ta saukar, sak yadda ubanta ke yi. Yatsun Haggai suka bi, kiɗa ya zauna daram.

Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, ta ce, "Aaron ya dawo!" Taro ya ɗauka.

Haggai ya ji kamar ya rotsa jitar da ƙasa. Amma har waƙar ta ƙare, idonsa bai bar kafaɗar nan ba.