Saiwa Arba'in a Baho Ɗaya

Ba a banza ake ce mata Uwar Tsafta ba. Matar da ke wanke tsintsiya bayan ta gama shara, ina za ta ga saiwar fure da ƙasa a jiki ta ƙyale? Da ta tone furannin da marigayi mahaifinta ya bar mata don ta adana saiwarsu zuwa shuka ta gaba, jajaye masu duhu da ya shekara ashirin yana zaɓen irinsu, sai ta zuba saiwar duka arba'in a baho ɗaya. Ta dirje su tas kamar dankali, ta jera a kwando cikin ɗakin ajiya.

Kwana biyar, ɗakin ya ɗauki ɗoyi. Ta danna guda ɗaya, yatsanta ya nutse, wani ruwa mai yauƙi ya biyo shi.

Malamin gona da ta kira bai ɓoye mata komai ba. Ya ce ƙwayoyin cuta ne, in sun shiga ba magani, sai dai a yanke inda ya ruɓe, shi ma da wuya a dace. Saiwa ɗaya ce ta zo da su, ruwan bahon ya raba wa sauran, dirzar kuma ta buɗe musu hanya. Kunya ta kama ta, don marigayin karkaɗe ƙasar kawai yake yi ya shanya a inuwa, ita kuwa tana masa kallon ƙazami.

"Hajiya, ki haƙura ki sayi wani irin," in ji malamin.

"Wannan ba a sayar da shi, Malam. In ya ƙare a hannuna, ya ƙare ke nan. Nuna mini yadda ake yankewa."

Ya nuna mata. A yanke ruɓaɓɓen har a kai ga farin nama, a tsoma wuƙa a ruwan bilic mai kashe ƙwayoyin cuta bayan kowane yanka, a barbaɗa toka, kowace saiwa a kan takardarta, kada wata ta taɓa wata. Maigidanta ya leƙo ya ce an buɗe asibiti ba a sanar da shi ba, ko kallo bai ishe ta ba. Kullum da safe sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana shinshinawa. Arba'in suka koma sha ɗaya, sha ɗaya suka koma huɗu.

A cikin huɗun akwai babbar, wadda tsohon ya ɗaure wa zare da hannunsa don a san ita ce uwa. Kwana biyu tana jin taushi a gefen saiwar tana yi wa kanta ƙarya. Ran na uku ta sa wuƙa. Ta yanka, baƙi, ta ƙara, baƙi, har tsakiya.

Da kanta ta kai ta wuta, da zaren da komai. Ta yi kukan da ba ta samu damar yi ba ranar da aka binne mahaifinta. Sannan ta share fuska, ta zubar da ruwan bilic ta haɗa sabo, ta jawo kujera gaban ƙananan ukun da suka rage.