Gurbin Ghali

Ranar da Ghali ya turo wa matarsa Bashira sabbin waƙoƙin ƙungiyarsu ta gida a waya, saura kwana tara iƙamarsa, takardar izinin zamansa a ƙasar Larabawa, ta ƙare. Shi bai saurara ba. Da safe ya tsaya bakin ƙofa riƙe da makullin motar kayan da yake ja daga rumbunan unguwar Sulay, ya ce kunnensa ba zai yi adalci ba, ita ta ji ta faɗa masa. In sabon kundin ya kai na da, to abokansa ba sa bukatarsa, zai ce wa kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa, ya sabunta iƙamar. In bai kai ba, su haɗa kaya su koma Jos.

Tsohuwar Tasha sunan ƙungiyar. Samari huɗu ne da jitoci da ganguna, a garejin gidan su Bashira suka naɗi kundi biyu da kansu, babu kamfani a bayansu. Ghali ke riƙe da jita mai kaurin murya, yayanta Lado ke kan ganguna. Tun tana sakandare ita ake fara sa wa kowace waƙa, don ba ta iya yabon ƙarya ba. Lado ya rasu a hatsarin mota kafin kundi na biyu. A waƙar ƙarshe, daidai inda ya saba shigowa shi kaɗai, kowa ya ɗauke hannu, aka bar wurin fayau. Inuwa mawaƙinsu ya ce haka za su riƙa yi wa duk wanda ya mutu a cikinsu.

Bashira ta ba 'yarsu Hajar maganinta, ta kwantar da ita. Shekararta uku, sikila gare ta, katin asibitinta kuma yana rataye da iƙamar uban. Tun kafin ta danna waƙar farko Bashira ta yanke: ko kundin ya lalace, cewa za ta yi ya kai.

Ta sa abin ji a kunne ɗaya, ɗayan ta bar wa yarinyar. Tana tsince shinkafa a ƙaramin kicin ɗinsu na unguwar Manfuha waƙoƙi shida suka wuce. Abokan sun samu sabon mai jita a madadin Ghali, hannunsa da tsafta. Babu laifi, amma babu abin da ya sa ta ajiye faranti.

A ta bakwai kiɗa ya yanke. Gurbin Lado ne, ta san shi, ta yi masa addu'a kamar kullum. Kiɗa ya dawo, ya hau, ya kai inda jita mai kauri ya kamata ta ɗauka ita kaɗai, sai ya sake yankewa.

Wannan ya fi tsawo. A cikinsa ta ji garejinsu: kukan tsohuwar fanka, numfashin Inuwa, wani yana gyara zama a benci. Ta kira Ghali ba tare da ta san abin da za ta ce ba. Ya ɗauka, ƙarar titi a bayansa, ya tambaya ko jikin Hajar ne. Ta ce lafiya, muryarsa kawai take son ji.

Ta aika wa Inuwa saƙon murya, ta ce mijinta da ransa, wa ya ba su izinin yi masa abin da ake yi wa matattu? Bayan azahar ya mayar.

"Ƙanwata, wallahi ba mu shirya ba. Da muka zo wurin, sabon yaron ya ɗaga hannu zai shiga, Talle mai ɗaya jitar ya riƙe shi. Shekara biyar ke nan da tafiyarsa. Mun daina jira, shi ke nan."

Sau uku ta sake jin waƙar. Ta so ta tsane ta, abin ya ƙi.

Ghali ya dawo ana rufe shaguna don sallar la'asar. Bai cire takalmi ba. Ya leƙa Hajar, ya dawo ya tsaya.

"To, malama mai hukunci?"

Ƙaryar da ta tanada ba ta da amfani yanzu.

"Ya fi na da, Baban Hajar. Shida na farko ba su kai ba. Ta bakwai ta fi duk abin da kuka taɓa yi."

Ya yi murmushi, ya tambaya ko sabon yaron ne ya yi ƙoƙari haka. Ta ce a'a. Ta gaya masa gurbi biyu ne yanzu a waƙar, kuma na biyun ne ya ɗaga ta.

Ya tambaya nasa ya kai na Lado tsawo. Ta ce ya fi.

Ya zauna a kan tabarma da takalminsa, ya ciro waya ya kira kafilinsa. Da Larabcinsa na direbobi ya ce a sabunta. Bashira ta miƙa masa abin jin, ya girgiza kai, ya ce ta ajiye tukuna.